Munduwa a Cikin Jirgi

Shango, Minna

Zuwa ga 'yata Kafayatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu. Na ga kiran da kika yi ta yi. Ba ƙin ɗagawa nake ba. Tun da muka binne 'yata Phoebe, ƙawarki, ba na iya sauraron muryar sa'arta a waya, shi ya sa na koma takarda. Maƙwabcinmu Philip mai keke yana bi ta Bosso kullum, shi zai riƙa kai miki.

Ya ce kin ce ɗan jirgin saman da kuka fara haɗawa ke da ita shi ne furojet ɗinku na gama jami'a, kuma in bai tashi a gaban malaminku ba sai kin maimaita shekara. Na ji, ba zan hana ki ba. Amma ki yi mini haƙuri da abu ɗaya: ba zan iya ganin an fita da shi daga ɗakinta gunduwa-gunduwa a buhu ba. Yana nan yadda ta bar shi, fiffike ɗaya jingine da bango, ɗayan ba a gama yankewa ba. Ina share gefensa, ba na taɓa shi.

Ki zo ki ƙarasa shi a nan. Akwai tuwo, akwai wuta in an kawo. Tabarmar da kike salla a kai tana nan a naɗe bayan ƙofa. In ya zama jirgi sosai, sai ki ɗauki abinki.

Ki gaida mini Iya, mahaifiyarki.

Mamanki,
Rifkatu Shekwolo

* * *

Shango, Minna

Yaya Susan,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya Kuta, yaya ƙafar? Kin tambaya ko ina cin abinci. Ina ci, domin yanzu akwai wadda nake dafa wa.

Kafayatu, ƙawar Phoebe, tana zuwa kullum da la'asar tana haɗa jirgin. Da irin farin abin nan mara nauyi da ake tallafe sabon firij a kwali aka yi shi. Tsawon fukafukansa ya kai in buɗe hannuwana biyu. Ni ce 'yar aikinta. Sai ta ce, "Mama, riƙe nan, kar ki motsa sai gam ya kama." In riƙe har hannuna ya ƙage. Ta ɗaura wani ɗan inji a hanci, bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Ta liƙa wayoyi da dalma, gidan duk ya ɗauki ƙauri. Akwai wasu ƙananan injuna kuma da ke kaɗa wutsiya in ta taɓa rimot.

Ranar da ta fara jona batir, ta tura sandar rimot dama, wutsiyar ta yi hagu. Ta dube ni ta ce, "Wannan haɗin 'yarki ne, Mama. A ce mata dama, ta yi hagu." Yaya, na yi dariya. Na manta yadda take fitowa.

Da ta gama, ta ɗora jirgin a kan yatsunta biyu a ƙarƙashin fiffike, ya zauna daidai, bai rinjaya gaba ko baya ba. Ta ce nauyin jirgi a nan wurin ya kamata ya taru.

Yanzu ga abin da ke kaɗai zan faɗa wa. Kin tuna munduwar tagullar Kaka da Phoebe ba ta cirewa, wadda aka miƙo mini a asibiti? Yarinyar nan ta yi ta cewa wata rana za ta kai ni Legas ta sama, ga shi ita kanta ba ta taɓa shiga jirgi ba. Jiya da Kafayatu ta fita sayen tef, na naɗe munduwar a ƙyallen ɗankwalinta na mawaƙan coci don kar ta yi ƙara. Na buɗe murfin da ake saka batir, na tura ta ciki har ƙarƙashin fiffike. Ban yi da ka ba. Na ɗora shi a yatsuna yadda na ga ta yi, ya zauna daidai.

Ranar Asabar za a tashe shi a filin ƙwallo. Zan sa zanen da Phoebe ta saya mini.

Ƙanwarki,
Rifkatu

* * *

Bosso

Mama,

Barka da war haka. Ina fata kin isa gida lafiya. Na duba ban gan ki ba bayan abin ya faru, aka ce kin tare keke kin tafi. Na san zuciyarki ce ba ta ɗauka ba.

Kin dai gani. Da aka jefa shi ya tafi lafiya. Sai da ya fara hawa ya ɗaga hanci sama. Na tura sandar har ƙarshe don ya sunkuya, ya ƙi. Ya tsaya a iska, ya kife, ya soki ƙasa. Hancin ya ragargaje, fiffiken dama ya karye, batirin ya fita can gefe ya kumbura. 'Yan ajinmu suka tattara mini sauran a buhu. Yana ƙarƙashin gado, ban iya kallonsa ba.

Malam Ndayako, mai duba furojet ɗin, ya ce ban ɗaure batir da kyau ba, shi ne ya zame baya ya ja wutsiya ƙasa. Mama, na ɗaure shi. Ko ban ɗaure ba? Tun ranar nake tambayar kaina. Ya ce wannan sakaci ne, kuma ba zai ba mai sakaci wata rana ba, sai dai in haɗu da 'yan baɗi. Iya ta riga ta faɗa wa duk 'yan kasuwa bana zan gama.

A aji ana cewa da ma Phoebe ce kan aikin, ni riƙon jaka nake yi. Da ina jin haushin maganar. Yanzu na fara yarda.

Ki yafe mini. Kin ba ni amana cikakkiya, na dawo da ita a buhu.

'Yarki,
Kafayatu

* * *

Shango, Minna

Yaya Susan,

Ina gaisuwa. Na gode da saƙon da kika aiko bayan na faɗa miki jirgin ya faɗi. Kin ce in ja bakina in yi shiru, abin da ya faru ya faru, kuma ba wanda ya san ko munduwar ce. Yaya, ni na sani. Da ya ɗaga hanci, na san ita ce ta gangara baya. Na gwada shi a kwance, ban yi tunanin jirgi ba a kwance yake hawa ba. Ban liƙa ta da komai ba, ajiye ta kawai na yi.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Ranar Lahadi bayan coci Kafayatu ta zo da uwarta, sun riƙo lemo da burodi. Tun daga bakin ƙofa yarinyar ta zube a gwiwa irin na Yarbawa. Ta ce, "Mama, na fasa aikin Phoebe na ƙarshe."

Ga bakina, ga maganar a kan harshena. Kin san abin da na ce? Na ce, "Ba komai, 'yata, tashi. Na yafe miki."

Ni na yafe mata.

Iya ta kama hannuna ta ce, "Maman Phoebe, irin haƙurinki ba a samunsa a kasuwa." Na karɓi yabon. Na karɓi lemon. Na raka su har titi.

Ban je zumuntar mata ta coci ba wannan makon. Lemon yana nan a kan tebur, ya fara yamushewa, na kasa sha, na kasa bayarwa. In na shiga ɗakin Phoebe ba na iya kallon hotonta. Da ma ba ta son a ɗora wa wani laifinta, ko tana ƙarama in ta fasa kwano da kanta take kawo gutsattsarin.

Na san don kina tausayina kika ce in yi shiru. Amma shekarar yarinyar mutane ce.

Ƙanwarki,
Rifkatu

* * *

Shango, Minna

'Yata Kafayatu,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata bayan kin karanta wannan.

Ki jawo buhun nan daga ƙarƙashin gado. Ki yanka jikin jirgin ta wajen wutsiya. Za ki ga shuɗin ƙyalle, a ciki akwai munduwar Phoebe. Ni na saka ta ranar da kika fita sayen tef. So na yi wani abu nata ya hau sama.

Kin ɗaure batirinki. Ba ki yi sakaci ba. Ranar da kika durƙusa a ƙofata na san haka, na bar ki a ƙasa, har na ce na yafe miki. Wannan ya fi saka munduwar muni, kuma ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ki faɗa mini inda zan sami malaminku.

Rifkatu

* * *

Bosso

Maman Phoebe,

Ina gaisuwa. Na yanka, na gani. Ta shige can ƙurya, sai da na sa filaya na zaro ta.

Da kin tambaye ni, da na liƙe miki ita da gam a ƙarƙashin fiffike. Da ta hau sama ta dawo lafiya. Ba zan taɓa ce miki a'a ba. Abin da na kasa fahimta ke nan, kullum muna zaune tare, hannunki a fiffike ɗaya, nawa a ɗayan.

Na yi kwanaki ina ganin kaina a matsayin daƙiƙiya. Na ce wa Iya ta daina wahala a kaina.

Kar ki je wurin Malam. In na kai masa wannan labarin zai ce na fake da mamaciya ne, in kuma ke kika je za a yi miki dariya. Ban faɗa wa Iya ba. Kwanan nan ba zan iya zuwa Shango ba.

Kafayatu

* * *

Shango, Minna

Yaya Susan,

Gaisuwa da fatan alheri. Na je. Ta ce kar in je, ke ma kin ce kar in je, amma na je.

Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani babban ɗaki mai tebura da injuna. Malam Ndayako yana ciki da ɗalibai cike. Dattijo ne, ba mai fara'a ba. Da na faɗi sunan Phoebe ya miƙe ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama. Mu je ofis."

Na ce, "A'a, Malam. A gaban waɗannan aka ce ta yi sakaci, a gabansu zan faɗa."

Na faɗa duka. Ban rage komai ba. Wani yaro daga baya ya ce, "Ashe Mama fasinja ta saka ba tikiti." Wasu suka tuntsire. Ji na yi kamar an kwance mini zane. Malam ya juya ya dube su, suka yi tsit.

Ya aika aka kira Kafayatu, ya ce ta zo da abin. Ya ɗora munduwar a tafin hannunsa yana jin nauyinta. Ya ce mata, "Kin leƙa cikin jirgin kafin a jefa shi?"

Ta ce, "A'a, Malam."

"Kin karkata shi gaba da baya, kin ji ko wani abu na motsi?"

"A'a."

Ya ce, "To, da sauran naki. Jirgi ya kwana inda ba kya nan, kika ɗauka kika tashe shi."

Na ce, "Malam, a gidan uwarta ya kwana. Wa zai binciki uwarsa?"

Ya miƙa wa Kafayatu munduwar. Sannan ya ce zai ba ta rana ɗaya tak kafin jarrabawa, za a rage mata maki, kuma in ya sake faɗuwa shi ke nan.

A waje na ce, "'Yata." Ta ce, "Sannu, Mama," kamar yadda ake gaida mai sayar da doya, ta wuce. Ban ga laifinta ba. A ɗakinta na Bosso take sake gina shi, ita kaɗai. Ban san ranar ba, ban kuma tambaya ba. Ki sa ta a addu'a, da sunanta.

Ƙanwarki,
Rifkatu

* * *

Bosso

Mama,

Barka da yau. Ya tashi. Ya zagaya filin, ya sauka a kan ciyawa ko farfela bai karya ba. Malam ya sa hannu. Zan gama bana.

Ban kira ki ba domin na san in na gan ki hankalina zai rabu biyu. Munduwar tana cikin ambulan ɗin nan.

Ranar Juma'a muke jarrabawar ƙarshe. Kowa zai sa farar riga, abokai su rubuta sunayensu a jiki. Phoebe ta kama kafaɗar hagu tun muna aji uku, ta ce kar in ba kowa. Na ga rubutunki a takardun nan, irin nata ne, har yadda kuke karkata shi.

Ban ce fushin ya wuce ba. Amma ki zo ƙofar makaranta bayan an sauko daga masallaci. Ni zan kawo abin rubutu.

'Yarki,
Kafayatu