Rigar Aikin Baba

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma? Ni lafiya lau nake a makaranta, sai dai abinci ba ya shiga.

Jiya malaminmu ya koya mana yadda kamfanoni ke mayar da takardunsu cikin kwamfuta don a rage sare itatuwa. Kowa ya tafa, har da ni. Da yamma Yaya ya kira ya ce ofishinku ma ya yi haka, an sallame ka daga ɗakin ajiyar fayil. Ya ce, "Kar ki nuna kin sani."

Na kasa, Baba. Don Allah ka daina saka rigar aiki kana fita da safe saboda mu. Umma ma ta sani, da kuka take goge maka ita.

Allah ya musanya da mafi alheri.

'Yarka