Fuskar Maryamu da ta Shafe

Daren Talata, watan Agusta, Mpape

A sanar da jama'a: yau na sauka daga muƙamin masanin kayan sassaƙa, wanda na naɗa kaina jiya da la'asar.

An shafa wa gidan Baba Danjuma, dattijon maƙwabcina, jan fentin rusau. Yana haɗa kaya ya nuna mini 'yar sassaƙar hauren giwa, tsawon yatsa: Maryamu rungume da jariri. Ta marigayiya matarsa Saraya ce. Ninkin mayafin ya fito tsaf, amma fuskar ta shafe sumul.

Na gyara tabarau na yi masa lacca. Sunkuyar da kai tawali'u ne, ɗaga hannun jaririn sa albarka ne, fuskar kuwa lalacewa ce kawai. Na ce zan kai wa masassaƙi ya fito da ita. Don kunyata ya miƙo.

Da safe ina sa takalmi sai ga shi yana haki.

"Malam, ba ka kai ba ko?"

"Yanzu zan fita, Baba."

"To, bar ta haka. Shekara arba'in Saraya tana addu'a, babban yatsanta a kan fuskar nan. Gidan za a rushe shi. In aka kankare wannan kuma, me zan taɓa?"

Na mayar masa da ita da hannu biyu.

Bayan isha'i na ɗauko carbin mahaifina. Shi ma ƙwayoyinsa sun suɗe, kuma ban taɓa tunanin gyara shi ba.

Na yi kuskure. Fuskar ba ta lalace ba.