Sanyin Da Ya Fasa Injin Motar Baba

Timahdit, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Mimun,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Fadma da yara, Ya ba ka ƙarfin aikin da kake yi a ƙasar mutane. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau muke, sai sanyi da ya ƙi sassautawa. Inna tana nan cikin fararen kayan takaba, ba ta fita ko ƙofar gida, gwiwar nan tata kuma ta tashi. Abinci sai na zauna na tsare ta take taɓa ɗan burodi da man zaitun. Maigidana Zayid ya bar ni in zauna da ita har ta fita takaba, Allah Ya saka masa.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka faɗa wa ƙanenmu Basu ranar da ya kira ka daga shagon waya a garin Azru. Sai daga baya na ji wai ka ce ko kwana uku bai iya riƙe abin da Baba ya riƙe tun kafin a haife shi ba. Haba Yaya, ai wannan magana ta yi nauyi. Na san baƙin cikin rashin ganin gawar Baba ne ke cin ka, amma kai kana can, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari in faɗa maka yadda abin ya faru, sannan ka yanke hukunci.

Ka san halin Baba da a-kori-kurarsa. Sau nawa ka ce ya riƙa sayen koren ruwan nan da ke hana injin daskarewa? Kullum amsarsa ɗaya ce, wai abin da ba zai ba alfadarinsa ya sha ba, ba zai ɗura wa motarsa ba. Don haka da sanyi ya shigo, duk yamma bayan magariba sai ya tattare rigarsa ya durƙusa ya zubar da ruwan motar ƙasa, da safe kuma Inna ta dafa masa wani a babbar buta ya zuba. Mun tashi muna ganin haka kamar yadda muke ganin alwalarsa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya.

Ranar da ya rasu, a bayan motar aka kai shi makabarta, don dusar ƙanƙara ta hana a ɗauke shi a kafaɗa har can. Basu ne ya tuƙa. Da aka dawo gida ya cika da masu gaisuwa, kowa na ta kansa, amma yaron nan bai manta ba. Ni da idona na gan shi da magariba ya fita yana share hawaye da hannun riga, ya durƙusa inda Baba ke durƙusawa, ya kwance famfon da ke ƙarƙashin lagireto, ya tsaya har ruwan ya tsane. Ashe famfo biyu ne, Yaya. Akwai wani ɗan ƙarami a gefen injin, can ciki, wanda Baba ke zura hannu ya kwance ba tare da ya duba ba. Mu bayansa kawai muke gani. Rashin sani ya fi dare duhu, ruwan da ke cikin injin ya kwana a wurin, sanyin da aka yi a kwanakin nan kuwa har tulun da ke zaure ya fasa.

Ba mu gane ba sai da aka share makoki. Ka san ba a hura wuta a gidan rasuwa, maƙwabta ke kawo kuskus da shayi, ba wanda ya dafa ruwa balle ya tuna da mota. Da Basu ya tashi kai wa tumaki sha'ir a garkensu da ke can saman dutse, yana zuba ruwan zafi ta sama yana fita ta gefe. Baffa Akka, ƙanen Baba, yana tsaye, ka kuwa san bakinsa, ya ce to ga magaji ya fara cin gado. Na ce masa shi da ya sani, ina hannunsa yake ranar? Ya ja rawaninsa ya tafi, har yau ba ma gaisawa sosai, ban kuma yi nadama ba.

An ja motar da tarakta zuwa Azru wurin Lahsan bakanike, wanda Baba ke kai wa. Da ya buɗe ya ga tsagar ta ratsa gangar jikin injin, sai ya ce gaskiya a sa wani injin na hannu, yana da guda a ajiye. Da aka faɗa wa Inna ta ce sam. Ta ce tun daga kwanar masallaci take gane kukan motar nan a cikin dukan motocin da ke hawa tudunmu, yana da wani tari da yake yi in ya canza giya, da ta ji shi take ɗora butar shayi. Ta ce ba ta hana a gyara ba, amma kada a cire, shi kaɗai ya rage mata da ke da muryar gidan nan kamar da.

Lahsan ya yi iya ƙoƙarinsa saboda Baba. Ya huda gefen tsagar ya ɗinke ta da ƙusoshi kamar yadda ake ɗinke ƙwarya, ya shafe. Motar ta tashi, murna ta kama mu, amma kafin Basu ya fita gari baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga ciki. Aka sake saukewa, aka gasa ƙarfen a wuta aka yi masa walda, yana hucewa ya sake tsagewa a wani wurin. Basu a garejin yake wuni, hannuwansa duk sun farfashe, ya rame har idanunsa sun faɗa. Ya ce da ni in injin nan bai tashi ba, shi ya kashe Baba sau biyu. Na yi masa faɗa, na juya na yi kukana a madafa.

Ana cikin haka tumaki na can sama, yawancinsu da ciki, alfadari ɗaya ba ya iya kai musu abin da zai ishe su. Da makiyayi ya aiko cewa sun fara ɓarin 'ya'ya, Inna ta kira Basu ta zaunar da shi, ta dafa kansa. Ta ce, "Tumakin ubanka suna da rai, ƙarfe ba shi da shi. Je ka ce wa Lahsan ya cire." Bayan ya fita ta juya fuska ga bango.

Jiya da la'asar aka kawo motar. Ni na san suna tafe, ita ma na faɗa mata tun da safe. Muna zaune tana tsefe ulu, motar ta hau tudu lafiya lau ba gargada, ba kuma tarin nan da ta saba yi, ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta ɗaga kai ta saurara, sai ta ce, "Tuda, leƙa ki gani, baƙo ne ya tsaya mana a ƙofa. In mai gidan yake nema, ki ce masa ya rasu." Sai da ta ji muryar Basu a zaure sannan ta gane. Ta ajiye ulun a cinyarta, ta ce sannu da zuwa, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Yau da asuba ya tafi garke da buhunan sha'ir. Don Allah Yaya ka rubuto masa ko layi biyu ne, daga bakinka yake jiran ya ji cewa ba laifinsa ba ne.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Ka gaishe min da Fadma, da Idir, da 'yar auta Hadda. Zayid da Gwaggo Itto suna gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Tuda