Dutsen Baba da Aka Shafa wa Farar Ƙasa

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Ɗanjuma mai haƙar kuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Baba, ƙara na kawo maka.

Ka tuna falalen dutsen da ka ɗauko daga kwarin Binuwai, lokacin da ka raka masu auna ƙasa? Fuskarsa duk zane, wasu sun yi rassa, wasu a lanƙwashe. Ka zaunar da ni a zaurenmu na Dilimi kana bin su da yatsa. Ka ce ramukan tsutsa ne da ƙaguwa, sun haƙa cikin laka tun zamanin da wurin yake ƙarƙashin teku, lakar ta daskare ta zama dutse. "Mahaƙi ba ya ɓata aikin ɗan'uwansa," in ji ka.

Da na samu aikin kula da ɗakin ajiyar duwatsu a Titin Bauchi, ka miƙa mini shi, ka ce a sa inda masu ilimi za su gani.

To, Baba, masu ilimin sun gani. Oganmu, wanda ko rana ta take ba ya rabuwa da kwat, ya ji wani babban soja zai kawo ziyara. Sai ya sa aka kwaso duwatsun ɗakin, aka jera a bakin hanya, aka shafe su da farar ƙasa. Har da naka. Shekara shida yana karatun dutse a Turai, amma bai ko sunkuya ya duba ba.

Na yi magana. Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce, "Dutse ai dutse ne, malam." Wallahi tun ranar na raina shi. Jaki ne aka labta wa littattafai. Sojan da ake wa wannan rawar jiki kuwa ko gilashin mota bai sauke ba.

Na tsame naka na kai gida. Kwana uku ina bin ramukan da tsinke da ruwa. Sun fito, amma reshe ɗaya ya ɓalle a hannuna. Na yi kuka, Baba, irin wanda ban yi ba ranar jana'izarka.

Ranar Juma'a na kai shi maƙabarta, na kafa a wajen kanka. Ka yafe mini idan na saɓa. Ka ce a sa inda masu ilimi suke, ni kuwa kai kaɗai na sani.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu a Aljanna.

Ɗanka mai kewarka,
Sale