Littafin Masu Ba da Jini Yana Cikin Akwatinka

Malam,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kai, na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Duk da haka zan rubuta, domin kana raye ba ka taɓa bari na kai ƙarshen magana ba.

Akwai abin da na ɓoye maka. Ranakun da nake cewa zan je kasuwar Muda Lawal duba atamfa, asibiti nake zuwa in ba da jini. Ka taɓa ganin atamfar? Kai ma'aikacin gwamnati ne har cikin ƙashi, kullum ra'ayinka shi ne idan jama'a suka ɗauki aikin hukuma, hukuma za ta miƙe ƙafa. Ban musa ba. Amma macen da jini ya ɓalle wa a ɗakin haihuwa ba za ta jira sai hukuma ta ji kunya ba.

Bayan rasuwarka, da shekaru suka hana ni bayarwa, na buɗe littafi. Na bi Fadaman Mada gida-gida, na rubuta sunan duk wanda ya yarda, da rukunin jininsa, da lambar wayarsa: teloli, direbobin keke, ladanin masallacinmu, har da Maman Chidi mai shagon kayan masarufi. Ungozoma ta kira ni, ni in kira mai jinin. Asabar ɗin da ta wuce haka aka ceto matar Sani kafinta.

Yanzu wani jami'in ma'aikatar lafiya ya zo, ya ce littafin ya koma ofishinsu, ni kuma a ba ni takardar yabo. Ofishin da ake kullewa ƙarfe huɗu, ranar Juma'a kuwa tun azahar? Naƙuda ta san ranar hutu? Mutanen nan ni suka ba amanar sunayensu, na yi musu alkawarin ba wanda zai kira su sai don ceton rai. Ɗanmu Bashir ya goyi bayan jami'in, wai na tsufa. Da muryarka ya faɗa, shi ya sa ya yi mini zafi.

Na ce su turo ma'aikaciyar jinya ta zauna a zaurenka, akwai kujera, akwai shayi, mu yi aikin tare. Littafi kam ba zai fita daga gidan nan ba.

Ka san inda nake ajiye shi? Cikin akwatinka na ƙarfe, a kan takardar yabon da suka ba ka ranar ritaya. Ba wanda ya taɓa neman ta. Shi kuwa sau uku na ciro shi a makon nan.

Allah ya haskaka kabarinka. Idan na iso, ka bari in gama maganata.

Matarka, wadda ba ta nemi izini ba,
Asma'u