Tsagar Bahago

Tudun Wada, Jos
5 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Yael,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya karatu, yaya Zariya? Mu nan ruwa ake kullum, sanyi har cikin ƙashi.

Ga burodin Asabar guda biyu na ba direba tare da wannan takarda. Kin san gidanmu, ko sama da ƙasa za su haɗu sai an ɗora tukunyar yashi a kan gawayi. Ƙamshi ya cika layi, har Maman Tina ta leƙo ta katanga tana cewa wata rana babanki Badung zai kashe su da kwaɗayi.

Kin tambayi abin da ya sa muryar babanki ta yi ƙasa a waya. Mura ce, kuma da sauƙi. Ya ce kada ya ga ƙafarki a Jos sai kin rubuta jarrabawar ƙarshe, sati shida kamar gobe ne. Ki riƙa cin abinci, kada ki dawo mini kamar tsinke.

Allah ya tsare mini ke.
Mamanki, Magadaliya

Zariya
9 ga Yuli

Mama,

Ina gaishe ki da Baba. Saƙo ya iso, na gode.

Mama, wa ya yi burodin nan? Tun ina tsayawa a kan turmi don in kai tebur nake kallon Baba yana tsaga kan burodi da wuƙa kafin a sa a tukunya. Bahago ne, tsagarsa ukun nan kullum hagu suke kwantawa. Waɗannan dama suka kwanta. Cikinsa ma ya yi nauyi, murzar ba ta kai ba. Hannunki ne, Mama, kuma kin yi ƙoƙarin ki kwaikwayi nasa.

Ranar da ya faɗi da babur ma, da ɗaurin ƙafa ya zauna ya kwaɓa. Mura ba ta hana Baba taɓa fulawa. Na kira sau huɗu, duk sanda na tambaya sai ki ce da sauƙi, ina jin numfashinsa kusa da wayar. Shi ya sa na rubuto. Don Allah ki faɗa mini gaskiya.

'Yarki, Yael

Tudun Wada, Jos
13 ga Yuli

'Yata,

Ina gaishe ki. Shekara ashirin da bakwai ina kallon hannun mutumin nan, ban taɓa lura da inda wuƙarsa take kwantawa ba. Sai ke, mai idon mikiya.

Ciwon daji ne, a hanta. Tun watan Afrilu likita ya ce ya riga ya bazu, mu koma gida mu lallaɓa. A ƙofar asibiti babanki ya sa na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, na rantse ba za ki ji ba sai kin gama. Ya ce shekara biyar kina wahala, ba zai zama shi ne ya zubar miki da ita a bakin ƙofa ba.

Burodin kuwa, ƙamshin yis amai yake sa shi yanzu, amma ya hana a fasa. Wai ranar da layi bai ji ƙamshi ba za a fara zuwa dubiya, Zumuntar Matan coci ta shigo da waƙa, kafin yamma labari ya isa Zariya. To, nakan kama shi in zaunar da shi a bakin kicin da bokiti a gefensa, yana ba da umarni kamar oga. Ina murzawa hawaye na zuba a kwano, shi kuma yana cewa, "Magadaliya, gishirin ya isa haka." Har yanzu bakin nan bai mutu ba.

Na gaji, Yael. Rabona da wuce ƙofar gida wata biyu, ko coci ban iya zuwa, don ba zan iya kallon idon Fasto in yi ƙarya ba. Wayar tana gefen matashinsa. Ba ni da wanda zan yi wa kuka, sai fulawa. Gaba kura, baya sayaki: in kin zo na karya rantsuwa, in ba ki zo ba, ban san wanda za ki tarar bayan sati biyar ba. Tun Laraba ko kunun acca ba ya zama a cikinsa.

Ban ce ki zo ba, ban ce ki zauna ba. Ki yi mana addu'a.

Mamanki

Yael,

Barka, 'yar Baba. Uwarki ta ajiye mini takardar nan a cinya kafin a kai tasha, ta ce in yage ko in bari. Na karanta sau biyu. Na kwance ta daga rantsuwar, laifin nawa ne.

Ba na so ki gan ni haka. Amma jarrabawa baɗi ma ana yi, ni kuwa ba a yi mini alkawarin baɗi ba. Ki shiga motar safe.

Babanki, Badung