Salansar Kitika da Shanun Buba

Daga Maigandi a Wurno, zuwa ga ƙanena Attahiru a Kumasi. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da iyali, Allah shi ƙara rufin asiri, amin. Mu nan lahiya lau, Sabuwa ta samu sauƙin ƙafarta, an yi girbi gero ya yi kyau.

Bayan haka, tun ranar da ka sayi motar kitika ka damƙa ta ga Lauwali ɗan surukinka, ba tare da ka shawarce ni ba, abin na nan cikin raina. Na haɗiye shekara da shekaru. Yanzu ga abin da ya haifa. Lauwali ya tahi Sakkwato ya sa anka yanke salansa, anka liƙa mata wani ƙaton bututu wanda hannu ka shiga, wai don mutanen Achida su ji tahowarshi tun daga nesa. Ya ce mota na son numfashi. To, bisa hanya mai ƙarfi tana gudu, ban musa ba, amma ranar kasuwar Gandi cikin rairayi ta tsaya tana ruri kamar bajimi, sai da mutane sunka tura. Da ƙaramin bututunta na da, shiru take ratsa wurin. Da na yi magana, ya ce mi tsoho ya sani ga mota.

Ka san tun zamanin Baba, Buba ka sauke shanunshi gonarmu ta bakin hanya bayan girbi, su ci kara su bar muna taki. Bana Lauwali ya wuce da wannan tsawa, shanu sunka tsinke igiya sunka watse, wata saniya mai ciki ta yi ɓari. Buba bai yi faɗa ba, ya zo ya ce in yi haƙuri, in ba a gyara ba zai koma Giyawa. Gonar ga in babu taki, yashi ce. Kowa ya kwana lahiya shi ya so, amma ni da mi zan ci da gida baɗi?

A gaida Husainatu da Abdulƙadiri da Yari. Buba na jira har kasuwa mai zuwa. Motarka ce, maganarka Lauwali ka ji. Ka aiko mishi ya mai da bututun da, ko ka gaya min ƙarara mota ta fi gonar ubanka. Ka ba ni amsa, Attahiru.

Ni ne wanka, Maigandi. Wassalam.